Hannun Daman Malam Hamisu

A gidanmu na Kutama, da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun kakarmu Iya Tabawa, tana gasa mana masara tana zuba tatsuniya. Mafaɗaciya ce ta gaske, ko tari ka yi a tsakiyar labari sai ka sha ranƙwashi. Amma akwai labari guda da in ta ɗauko shi ba mai ko motsi: na ƙanenta Malam Hamisu, wanda muke jin waƙoƙinsa a rediyo, ake kuma karanta gajerun labaransa a makarantu.

"Wannan ba ƙagagge ba ne," haka take farawa. "Da idona na gani, ni kuma na jawo."

Mahaifinsu malami ne, har daga Kabo ake zuwa karɓar rubutun sha a wurinsa. Hamisu yana ɗan shekara sha biyar shi ke yi masa rubutun, don duk zauren ba mai kyan hannunsa. Sai dai yaron ya kamu da son waƙa. In ya faki idon Malam, sai ya rangaɗa baitocinsa da ajami a kan allo, ya haddace, ya goge.

Rannan wani mutum ya zo a gigice daga Masanawa, matarsa kwana biyu tana naƙuda. Malam ya sa Hamisu ya rubuta ayoyi ya jingine allon, suka fita jana'iza, aka bar wa Iya saƙon in ya bushe ta wanke ta ba mutumin. Alluna biyu ta tarar. Karatunta bai wuce na sallah ba, sai ta ɗauki wanda ya fi cika da rubutu, ta wanke, ta ɗura a kwalba. Ashe waƙar wani ɗan damben Gude ce da Hamisu ya rubuta bai goge ba!

Malam ya dawo ya tarar da ayoyinsa ba a taɓa ba, ya ɗaga ɗaya allon, ya karanta abin da ruwa ya rage.

"Kirarin 'yan dambe aka ɗura wa mai naƙuda da sunana? Kawo hannun nan!"

Ya danne hannun daman Hamisu a bakin turmi, ya shiga sara da gefen allon. "Ƙas! Ina jin ƙarar ƙashi," in ji Iya. "Jini har bango. Innarmu ta faɗa kansa, ita ma ta samu nata a goshi. Bai tsaya ba sai da allon ya tsage. Ni kuwa ina bayan rumbu, na kasa buɗe baki in ce ni ce."

Washegari aka aiko cewa matar ta sauka lafiya. Maɗori ya yi iyakar yinsa, amma yatsun sun ƙandare. Hamisu ya koma Gwarzo wurin kawunsu, ya shiga boko, ya koyi rubutu da hagu. Duk waƙa da labarin da suka fito da sunansa, da hagu ya rubuta su. Shekara talatin bai taka Kutama ba.

Da ciwon ajali ya kama Malam, ya ce ba zai sha rubutun kowa ba sai na Hamisu. Aka aika, ya zo. To, aya ba a rubuta ta da hagu. Hamisu ya sa Iya ta ɗaure masa alƙalami a yatsun nan da zare, ya yi ta fama, gumi na ɗiga, tawada na tsiyaya, ko harafi ɗaya bai tsaya ba. Malam ya jawo hannun ya daɗe yana kallo, ya kifa shi a fuskarsa, ya fashe da kuka.

"Tabawa, wanke hakan ki ba ni."

Ta wanke, ya shanye.

A nan Iya ke tsayawa ta kore mu. Ina yaro, wallahi na tsani tsohon nan, ko addu'a aka ce mu yi masa sai in yi gum. Yanzu da na haifi nawa, na san zafin da ke taso wa uba in ya ga sunansa zai zube, tsanar ta koma tsoro. Sau biyu ina ɗaga hannu a kan ɗana, sau biyu ina jin ƙas ɗin nan a kunnena, in sauke.