Kabad ɗin Malam Tukuna

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa makaranta, kafin mai shara ya gama da farfajiya. Zai jingine kekensa a bayan ɗakin kwamfuta, ya buɗe tagogi, ya yaye ƙyallayen da ya lulluɓe kwamfutocin da su jiya, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kunnawa. Ba ya zama sai ya ji tashin kowacce, domin a cewarsa daga kukan fankar cikinta yake gane wadda ta kwana da ciwo. Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Sunansa na yanka yana can cikin takardun ofis, mu dai Malam Tukuna muka sani. Ka kai masa kwamfutarka ta ƙi tashi, kana haki kana cewa a yi mata fomatin kawai, wato a share komai a sake ɗora mata babbar manhajar da take tashi da ita, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Tukuna." Zai jawo maka kujera ya tambaye ka abin da ke ciki. Ya kwafe komai a wani rumbun ajiyar bayanai na daban, ya manna masa takarda mai sunanka da kwanan wata, ya jera shi a wani kabad na ƙarfe da ke bayan ƙofa. In aka zo inda allo ke tambaya ko ka tabbata a goge komai, sai ya janye hannunsa ya ce, "Kayanka ne, kai za ka danna."

Malamar lissafi shaida ce. An ce mata firintarta ta mutu, shi kuwa ya gano 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta ce kawai ta ɓace, cikin minti goma ya mayar. Akawu ma shaida ne, wanda ya rantse bairos, cutar kwamfuta, ya cinye masa aiki, ashe shi da kansa ya jefa fayil ɗin a kwandon shara na kwamfuta. Malam ya ciro masa, bai kuma faɗa wa kowa ba. Akawun ne da bakinsa ya tona kansa.

Ni ne jami'in jarrabawa na makarantar, kuma ba ni da haƙuri, kowa ya san wannan. Shekara huɗu da suka wuce aka kawo mana sababbin kwamfutoci, aka ce a share tsohuwar da ke ofishina a ba ɗalibai. Mutumin nan ya kwana biyu yana kwafe-kwafe. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malam, duk sakamakon nan an buga shi a takarda, yana sito. Wahalar me kake ba kanka?" Ya ce, "Takarda ma baiwar Allah ce, tana mutuwa." Na danna abina na fita ina tsaki. A taron malamai har shawara na kawo a kwashe tarkacen kabad ɗin nan a ba ni in zuba takardu, na kira shi maƙabartar kwamfutoci. Ya ce, "Tukuna," aka fashe da dariya, maganar ta bi iska.

Bara, wata Laraba, wata tsohuwar ɗalibarmu ta shigo ofishina da goyo a baya. Shekara tara da gamawarta. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya bayan ta nema sau uku, an ce ta kai cikakken sakamakonta na shekara uku da hatimin makaranta kafin ƙarfe biyu na ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wani. Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, na ɗauki makulli na nufi sito. Ashe rufin ya daɗe yana yoyo ta kusurwar da fayilolin suke, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Na ɗaga fayil ɗin shekararsu ya marmashe a hannuna.

Ban san yadda ƙafata ta kai ni ɗakin kwamfuta ba. Na shirya jin gori, domin na cancanta. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya buɗe kabad, ya bi takardun da yatsa, ya ciro rumbun da ke ɗauke da sunana. Fayilolin suna nan lafiya lau, amma sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe su, saboda manhajar da muke shigar da maki da ita a wancan zamanin ba ta zama a kan sabuwar babbar manhaja. Na ce, "Shi ke nan, mun kaɗe." Ya ce, "Kai dai akwai ka da saurin binne mai rai."

Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya hure ta, ya zaro faifan tsohuwar babbar manhajar daga cikin ambulan. Ɗorawa ta yi nisa, sai allo ya tsaya cak. Ya sake daga farko, ta kuma tsayawa a daidai wurin. Haka Laraba ta ƙare. Ranar Alhamis ya kwance ta, ya ciro wani ɗan siririn allo da ake kira ram, ya goge bakinsa da magogin fensir, ya mayar, ya sake farawa. Ni ina ta safa da marwa, shi yana zaune ya harɗe hannu yana kallon layin da ke tafiya kamar hawainiya. Da la'asar ta tashi. Safiyar Juma'a ya ɗora manhajar makin, ya lallaɓa tsohuwar firinta har ta yarda.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna sunan matar ya fito a allo, da makinta na zango tara, ba ko ɗaya da ya ɓata. Tana tsaye a bayanmu, ta dafe baki, ta ce wa Malam, "Baba, wallahi na riga na cire rai." Ya tura mata linzamin kwamfutar ya ce, "Sakamakonki ne, 'yata, ke za ki danna." Ta danna, takarda ta fara fitowa. Ni da na buga hatimin sai da na juya baya na share ido.

Daga baya na tambaye shi inda ya samo wannan hali. Ya ce a shekararsa ta farko ya yi wa kwamfutar wani malami fomatin bai tambaya ba, ashe binciken digirinsa na shekara biyu yana ciki. "Bai zage ni ba," in ji shi. "Zama kawai ya yi a ƙasa. Har yau ina ganin zaman nan."

Malam, kai ne ka mayar da kuskuren yini ɗaya ya zama rufin asirin mutane na shekara ashirin da biyu. Kai ne mai ajiyar da ba a ba shi ba, ya kuma mayar ba tare da gori ba. Ba ka taɓa sa wanda bai iya ba ya ji kansa wawa, ko da kuwa irina ne mai gaggawa da kaifin baki. Na yi maka rashin kunya a gaban jama'a, yau ga shi a gaban jama'a ina neman afuwa. Matar nan tana shekararta ta biyu a karatu, ta ce in gaishe ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu gyaran kwamfuta, da mu masu kai muku, mu koyi tambaya kafin sharewa, ko da mai kayan ne ke azalzala.

Jiya ya kira ni ɗakinsa, ya ciro makullin kabad ɗin daga aljihu ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Ka daɗe kana so, ga shi nan. In ka ga dama ka kwashe." Na dubi rumbunan nan a jere, kowanne da sunan mai shi, na damƙe makullin. Na ce, "Tukuna, Malam."