Daraktoci Biyu a Akwati Ɗaya

Muhibba ta zo Abuja a shekarun da ɗanyen mai ya yi tsada, lokacin da kowace hukumar gwamnati ta ga cewa in ba ta da shafin intanet to ba ta waye ba. Ta karanta kwamfuta a Zariya, ta raɓe a ɗakin yayarta a Kubwa, aka ɗauke ta aikin wucin gadi a wata hukuma da ke Garki. Aka ce ta yi haƙuri, kwamiti zai zauna ya tabbatar da ita. Kwamitin kuwa mai natsuwa ne, ba ya son gaggawa. Kullum sassafe tana layin bas, tana roƙon Allah ya sa bana ce.

Shafin da ta gada wani ɗan kwangila ne ya gina shi ya yi gaba. Hoton ma'aikaci yana gabas, sunansa yana yamma, muƙaminsa ya tafi yawo. In ka buɗe a waya sai ka ga sunan babban akanta a ƙarƙashin hoton direba. Manya ba su damu ba, tunda ba buɗewa suke yi ba. Muhibba ce abin ya tsaya wa a rai, don ita ba ta iya ganin karkatacce ta wuce.

Sai ta rubuta ɗan umarni, layuka kaɗan, irin wanda ke aiki da kansa duk lokacin da aka buɗe shafi. Yana bin shafin daga sama har ƙasa, ya haɗa kowane hoto da sunansa da muƙaminsa, sannan ya tattara 'yan sashe ɗaya ya zuba su a akwati ɗaya, da sunan sashen a sama. Abu ya yi fes. Ta yi ta murna, tana cewa a ranta wannan karon ko makaho ne a kwamiti sai ya ga aikinta.

Abin da ta manta shi ne, Sashen Kayan Aiki daraktoci biyu gare shi. An yi wa Alhaji Hanif canjin wuri, ya ce shi bai ji ba bai gani ba, ya gyara zama. Aka turo Madam Christina ta maye gurbinsa, ta tarar da mutum a kujera, sai aka buɗe mata ofis a saman bene. Tun daga nan ba sa ga maciji. Hukuma ta warware matsalar yadda ta saba, wato kowa ya yi kamar bai sani ba. Masinja ya gaida wannan da darakta, ya hau bene ya gaida waccan da darakta, a zauna lafiya. Shi kuwa umarnin Muhibba bai san ladabi ba. Ya ga sashe ɗaya, ya zuba su akwati ɗaya, Alhaji a sama, Madam a ƙasa.

Wani ɗan tsugudidi ya nuna wa Madam a waya, ta aika a kira Muhibba.

"Kai yarinya," in ji Madam da Hausarta ta bariki, "wa ya ce ka sa ni ƙarƙashin mutum wanda an riga an yi masa transfa? Ni mataimakinsa ne?"

Muhibba ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta koma ta juya su. Kafin azahar Alhaji ya sa aka kira ta.

"'Yata, da ina ganinki da hankali. Ashe ke aka ba aikin sauke ni?"

"Wallahi yallaɓai ba ni ba ce, tsarin ne yake haɗa 'yan sashe ɗaya."

"To tsarin daga sama ya faɗo? Ba ke kika rubuta shi ba?"

Ga shi su biyun duk suna cikin kwamitin. Muhibba ta koma kan shafin. Ta jera su kafaɗa da kafaɗa, amma fuskar waya ƙarama ce, dole ɗaya ya faɗo ƙasa. Ta ba kowa akwatinsa, sai shafin ya nuna Sashen Kayan Aiki sau biyu ɓaro-ɓaro, abin da aka yi shekaru ana rufa-rufa a kai. Wani ɗan jarida ya gani ya bugo waya yana tambaya. Shugaban hukuma ya ce a nemo masa wanda ya tona asirin gwamnati.

A makon nan kwamiti ya zauna. Alhaji ya ce yarinyar ba ta san na gaba da ita ba. Madam ta ce, "Gaskiya ne, Darakta." Alhaji ya ce, "Na gode, Darakta." Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin zama mai fahimtar juna irin wannan ba, har shayi suka sha tare.

Washegari aka miƙa wa Muhibba takardar sallama daga aiki. Tana naɗe sallayarta za ta tafi, sai shugaban sashenta, Malam Manniru, ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, Muhibba. Don Allah kafin ki wuce ki cire hotonki daga shafin. Ba wanda zai taɓa abin nan yanzu, kowa tsoronsa yake ji."

Ta zauna ta cire. Nan take umarnin ya matso da sauran hotunan, akwatin ya haɗe bakinsa, ko gurbinta bai bari ba. Hawaye ya zubo mata. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, aikin ya yi kyau ƙwarai.