Wutar Taya a Bayan Ɗakin Inna

Gidanmu na mahauta ne, a Sandamu. Tun ina ƙarami na san ƙaurin babbakar kai da ƙafa, amma a da da karan dawa da itace ake yi. Da mahaifinmu ya rasu, sana'ar ta koma hannun ƙanensa, Baffa. Itace ya yi wuya a dajinmu, sai Baffa ya gano tsohuwar taya. Guda ɗaya tana babbake kawuna da yawa, masu facin taya kuma neman mai kwashe ta suke yi. Duk faɗin garin nan bai ga inda zai kafa wutarsa ba sai bayan katangarmu, daidai tagar ɗakin Inna, mahaifiyata.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, ko'ina maganar halal da haram ake yi. Ni kuma ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Daura. Da safe in zana wa ɗalibai yadda hayaƙin da mutane ke fitarwa yake taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi, da yamma in zo gaida Inna in tarar tana tari, in ta tofar baƙi ƙirin. Na yi wa Baffa magana har bakina ya gaji, daga ƙarshe na kai shi gaban mai unguwa.

Baffa bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam ɗan boko, in tambaye ka mana. Wa ya halicci wuta?"

Na ce, "Allah."

"Ni mai hura ta fa?"

"Allah."

"To hayaƙin na wane ne? Gobarar daji ma hayaƙi take yi, ban ji ka kai ta ƙara ba. An ce kai da bakinka kake gaya wa yara irin iskar ce ke fita ta hancin kowa. Sai mu daina numfashi?"

Dattawa suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, gobarar daji ba ta zaɓen tagar mutum. Kai ka mirgino tayar nan, kai ka ƙyasta ashana." Wani dattijo ya yi salati, ya tambaye ni ko jayayya nake yi da ƙaddara. A wancan lokacin ba tambayar da mutum zai so a yi masa a bainar jama'a ba ce. Na ja da baya, kuma har yau ina jin haushin hakan. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi.

Inna ma ba ta goyi bayana ba. Ta ce, "Ka rabu da shi, ubanka ne. Sana'ar nan ce ta raine ku." Na roƙe ta ta koma wurina Daura, ta ce ba ta barin ɗakin mijinta. Na toshe tagar da buhu, zafi ya hana ta sakat, ta cire. Ranar da na kai ta asibiti likita ya duba hoton ƙirjinta, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko tana shan taba. Inna, wadda ko goro ba ta ci.

Da bazara ta rasu. Wurin zaman makoki Baffa ya yi kuka na gaske, ya dafa ni ya ce lokaci ne ya yi. Na yarda da ajali, ban taɓa musun sa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ya ƙona taya da hannunsa, sannan ya jera hayaƙin a sahu ɗaya da ruwan sama da iskar damina, wai duk ikon Allah ne.

Shekara na zagayowa wani ɗan kasuwa ya sayi filin da ke kallon wurin babbakar, ya gina gida ya shafe shi da farin fenti. Sau ɗaya ya aiko wa Baffa a kan hayaƙin. Kafin Juma'a Baffa ya kwashe tayoyinsa a amalanke ya koma bayan gari. Na haɗu da shi a hanya na tambaye shi dalili. Ko a jikinsa, ya ce, "Ai ka san fenti ba ya son hayaƙi."