Ciyawar Gwaggo da na yanka wa ragon suna

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na sa lauje a filin Gwaggo ba.

Gwaggo yayar babana ce. Tana da wani ɗan fili a Goudji da ta kewaye da ƙaya, lokacin gidaje sun fara cinye unguwar. Ba ta shuka komai a ciki. Da damina sai ya cika da furanni: tafasa, gasaya, duman kada, da wani ɗan shuɗi a kusurwar gabas wanda ba shi da suna sai "furen Inna", don mahaifiyarta ce ta fara nuna mata shi. Dokarta ɗaya ce, ba a yanka sai iri ya zuba.

Ni kuwa sabon zuwa ne daga Najeriya, ga rawar kai. Matata ta kusa haihuwa, ina kiwon ragon suna a gidana da ke unguwar Mardjandafak. Na ga ciyawa shar ba mai ci, na ce wannan ai asara ce. Na share rabin filin tas, na cika buhu uku.

Da yamma sai ga Gwaggo ta sauko daga tasi a ƙofar gidana. Ta dubi ragon yana tauna, ta dube ni.

"Ɗan nan, me ya rage?"

"Buhu biyu, Gwaggo."

"Kalas, shi ke nan. Ɗauko su mu koma filin."

Muka baza ciyawar inda na yanko ta. Da ta bushe, ta ba ni sanda na yi ta bugu ko ɗan irin da ya nuna zai zuba, tana zaune tana tsokanata wai ragona ya fi gwamna cin daɗi. Ban taɓa jin kunya da ƙaunar mutum lokaci guda irin na ranar ba.

Da damina ta dawo, komai ya fito ban da shuɗin nan. Buhun kusurwar gabas ne ragon ya cinye. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma duk shekara har ta rasu nakan gan ta durƙushe a kusurwar tana buɗa ciyawa da yatsa.

Tun daga nan na koyi cewa abin da na ga kamar an yasar, wataƙila wani ne ke tsaronsa da zuciya ɗaya. Yanzu nakan tambaya kafin in taɓa.