Ƙanƙarar da Ke Akwatin Sjoerd

Sjoerd Tolsma ya yi aikin gyaran injunan da ke kwashe ruwa daga gonakin ƙauyenmu na lardin Friesland har ya yi ritaya. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ko guduma zai saya sai ya yi watanni yana juya maganar a ransa. Bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasa, saboda haka duk abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Tun da hunturu ya daina daskarar da ruwan da ya ratsa ƙauyen yadda ya saba, Sjoerd ya shiga bin gidaje yana karɓar tsofaffin fina-finan da iyalai suka ɗauka a zamanin da kowa ke ɗaura takalmin zamiya ya hau ƙanƙara. Kaset ne, zaren majigi ne, duk yakan kwafe su zuwa wani baƙin akwati da ya ajiye a ƙarƙashin matakalar bene, wanda ya haɗa da talabijin da kwamfutar gidansa. Idan ya gama, sai ya ce wa mai kayan: "Zubar da tsohon, danshi ya riga ya ci rabinsa. Naka yana wurina, ba abin da zai same shi." Mutanenmu kuwa ba abin da suke so kamar su ga ɗakin tarkace ya zama fayau. Suka zubar. Ni ma na zubar.

Faya-fayai huɗu ne na ajiyar fina-finan a cikin akwatin, an tsara su ta yadda idan ɗaya ya mutu, sauran ukun za su iya sake gina abin da ke cikinsa a kan sabo. Idan biyu suka mutu, komai ya tafi. Su huɗun kuma rana ɗaya ya sayo su, a kwali ɗaya, suka fara aiki tare, suna tsufa tare. Ya san haɗarin sarai. Yana da shirin babban akwati mai jure mutuwar faifai biyu, da wani irinsa da za a ajiye a gidan 'yarsa a birni. Sai dai duk lokacin da ya tsayar da girman da zai ishe shi, wani daga ƙauyen gaba zai sallama da kwali cike da kaset, girman ya gaza, ya koma farko.

Matarsa Baukje takan ajiye masa kofi ta ce: "Injiniya, yau ma ana ginin ne a cikin kai? Kafin ka gama aunawa mu da akwatin duk mun shiga ƙasa."

"Ki bari in yi shi sau ɗaya, in yi shi daidai," in ji shi.

"Haka ka ce a kan rufin ɗakin kekuna. Je ka duba, har kwaɗi sun tare."

Ranar wata Talata da hantsi akwatin ya yi ƙara, jar fitila ta kama. Faifai ɗaya ya mutu. Sjoerd ya hau mota ya sayo sabo ya saka, akwatin ya fara gini. Ginin kuwa yana buƙatar a karanta duk abin da ke cikin tsofaffin ukun daga farko har ƙarshe, aikin kwanaki, kuma aiki mafi nauyi da suka taɓa yi. Ba a kai rabi ba ɗaya daga cikinsu ya soma wani ƙas-ƙas, kamar ana taɓa gilashi da farce.

Da na shiga, na tarar da shi zaune a kan kujerar yara a bakin matakala, hannuwansa a kan gwiwa. Miyar waken da Baukje ta kawo masa ta huce a gefe.

"Maƙwabci, ba abin da za a iya yi?" na tambaye shi.

"Malama, in na kashe shi, mai yiwuwa ba zai sake tashi ba. In na ce zan kwashe wani abu, na ƙara masa nauyi. Kuma ina zan zuba? Ba ni da wurin da zai ɗauka." Ya shafa fuskarsa. "Sai jira."

Labari ba ya kwana a ƙauyenmu. Da la'asar sai ga Tjitske, tsohuwar da ke gidan kusa da gada, tana tura keken da take dogarawa. Mijinta Douwe ya daɗe da rasuwa, kuma fim ɗaya tak ne yake motsi a cikinsa: yana saurayi, yana tsere a kan ƙanƙara da jar hula. Zaren fim ɗin kuwa, Sjoerd ne da kansa ya ce ta zubar.

"Yaro," ta ce, ko da yake furfura ta gama cin kansa, "an ce Douwe na ba shi da lafiya a cikin akwatinka."

"Inna, ana kan gyara."

"Kada ka yi mini maganar likitoci, na ji irinta a asibiti. Zai tashi ko ba zai tashi ba?"

Ya ce: "Ban sani ba."

"To kunna mini shi in gani."

"In na kunna, zan ƙara wa faifan wahala. Na mutane da yawa ne a ciki, Inna."

"In ba ka kunna ba, zai tsira?"

"Shi ma ban sani ba."

Baukje ta jawo wa tsohuwar kujera gaban talabijin, ta dubi mijinta. Ya tashi ya kunna.

Ga ruwanmu fari fat, ga mutane a gaɓa suna ihun da ba a ji. Douwe ya fito daga ƙarƙashin gada, hannu ɗaya a baya, ya sunkuya.

"Dube shi, sarkin iyayi," in ji Tjitske. "Ya san ina tsaye a can."

Ya karkata zai sha kwana, ya ɗaga ƙafar hagu, sai hoton ya tsaya. Daga ƙarƙashin matakala aka ji doguwar ƙara, daga nan ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke. Sjoerd bai ko je ya duba ba; ya san faifai na biyu ne. Ya miƙa hannu zai kashe talabijin.

"Kada ka taɓa!" Tjitske ta daka masa tsawa. "Bar mini shi."

Douwe yana nan a kan gilashin, ƙafa ɗaya a sama, kuma zai zauna a haka muddin ba a kashe talabijin ba. Baukje ta zaro wayarta daga aljihu ta miƙa wa mijinta. Ya durƙusa a gaban talabijin zai ɗauki hoton, amma na farko ya fito dishi-dishi, na biyu ma haka. Sai da Baukje ta riƙe masa gwiwar hannu.

Tjitske ta zauna har aka kunna fitilun titi. Da za ta tafi ta ce a bar shi a kunne, za ta dawo da safe. Aka bar shi.