Ruwan Randa a Kan Gilashi

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, na dawo daga jami'a zuwa ƙauyenmu, tsakanin Gatawa da Sabon Birni. Rijiyoyi sun ƙafe. Fanfon sola guda ya rage mana, mu da makiyaya, kuma kawuna ke riƙe da makullinsa.

Idan rana ta take, ruwan sai ya koma kamar zare. Ranar da nake tunawa, shanu sun kewaye wurin shan ruwa suna ture juna, mata sun yi layi da jarkoki. Kawu ya taɓa farantan gilashin da ke karɓar hasken rana, ya janye hannu da sauri. Ya sa aka kawo ruwan randa mai sanyi don ya kwara musu. Haka ake yi wa sa idan zafi ya kayar da shi, a kwara masa ruwa ya farfaɗo.

Na ce, "Kawu, a ɗan dakata."

A kan gilashi na yi aikina na ƙarshe a makaranta. Iyakar fahimtata, ƙwayoyin cikinsa ba a jere suke kamar na gishiri ba, a hargitse suke. Haske na ratsa shi nan take, amma zafi, wanda rawar ƙwayoyin nan ce, da ƙyar yake ketawa. Idan samansa ya huce farat ɗaya, ƙasansa na nan da zafi, yana iya tsagewa. Ga ɗan ɓantare a gefen faranti ɗaya, inda dutse ya taɓa samunsa. Sai dai na kuma karanta cewa faranti mai sanyi ya fi ba da wuta. Kawu na da tasa gaskiyar.

Wani dattijon makiyayi, mai garken da ke jiran layi, ya matso ya jingina da sandarsa.

"Ɗana, fashewa za shi yi, ko ba shi fashewa?"

"Baffa, mai yiwuwa ne. Ya danganta."

"Ya danganta da mi? Shanuna ba su shan 'ya danganta'."

Matan suka yi dariya, gajeriya. Kawu na riƙe da bokiti, idonsa a kaina. Na ƙwanƙwasa gilashin da farce, na kasa kunne. Ban ji abin da zai raba mini gardama ba. Idan ya tsage, sai an je har Sakkwato neman wani, garin kuwa ba zai jure ba.

"Kada a zuba," na ce. "Gobe da sassafe za ni wanke farantan da kaina."

Kawu ya ajiye bokitin. Ruwa ya ci gaba da zuwa kaɗan-kaɗan har la'asar. Dattijon bai jira ba, ya kora garkensa ya nufi Burkusuma, rabinsu ba su sha ba. Daga baya na ji saniya ɗaya ta faɗi masa a hanya.

Fanfon ya kai mu damina. Ko gilashin zai tsage da an kwara masa ruwan a ranar, har yau ban sani ba.