Kawu da Buhun Siminti Arba'in

Kawuna ya yi shekara talatin a ofishin ƙididdiga yana kwafe lambobin da wasu suka tara. Da ya yi ritaya sai ya ɗauka shi ma masani ne. Ni da na tsere daga aji uku na sakandare ban isa in sa baki ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

A bayan gidansa akwai ɗakin da gininsa ya tsaya iya taga, shekara tara ke nan. Matarsa, da muke kira Inna, shi take jira ta bar nata mai yoyo. Kuɗin sallamarsa na nan, siminti kawai za a saya. Kawu ya ce a'a. Wai kasuwa hali biyu gare ta, hauka da barci, kuma mai ilimi ba ya saye sai ta juya zuwa barci.

Kullum da safe zai je shagon mai siminti, ya toge a bakin ƙofa kada ƙura ta taɓa masa riga, ya tambayi farashi, ya dawo ya ɗiga a takardar da ya manna a bangon falo. Har gwaji ya ƙirƙiro: in farashi ya zauna ƙasa da wani jan layi da ya ja a takardar kwana bakwai a jere, to ba dace ba ne, kasuwa ta juya.

"Malam, damina fa ta kusa," in ji Inna.

"Ke, saukar farashi ta kwana biyu ba hujja ba ce."

"Ruwan da ke zubo min a gado duk damina fa, hujja ne?"

Kwatsam farashi ya faɗi, ya yi kwana bakwai cif a ƙasan layi. Kawu ya sayo buhu arba'in, ko ɗaya bai taɓa da hannu ba.

Magini ya zo ya kafta shebur a buhun farko, sai ji muka yi ƙwal! Ashe famfo ne ya fashe a siton mai shago, kayan suka sha ruwa suka daskare, shi ya sa ya karya farashi. Duk 'yan dako sun sani.

"Baba, ai dutse ka sayo," in ji magini.

"Amma gwaji ya nuna..."

"To kira gwajin ya zo ya kwaɓa."

Damina ta sauka, Inna ta ƙara roba biyu a kan gado. Buhunan suna jere a tsakar gida, a kansu Kawu yake zama. Jiya ya ce min ya gano kuskuren: kwana bakwai ya yi kaɗan, sha huɗu ya kamata.